Kyanwar da Ciwon Sukarinta Ya Lafa: Ciyarwa da Sa Ido a Arlit da Akokan

Ciwon sukari yana kama kyanwa, kuma a mafi yawan lokuta, kimanin takwas zuwa tara cikin goma, irin wanda ke damun manyan mutane masu ƙiba ne. Tushensa yana cikin fankiriyas, wani ɗan sashe na kayan ciki da ke kwance a gefen tumbi da farkon ƙaramin hanji, wanda ke fitar da sinadarin insulin. Aikin insulin shi ne buɗe wa sukarin da ke yawo cikin jini hanya ya shiga tsoka da sauran sassan jiki, inda zai zama ƙarfi. Idan kyanwa ta tara kitse, jikinta yakan daina amsa kiran insulin yadda ya kamata. Fankiriyas sai ya ƙara himma, ya yi ta fitarwa har ya gaji, sukari kuma ya taru cikin jini. Daga nan alamu ke bayyana: yawan fitsari, ƙishirwar da ba ta yankewa, ci da yawa tare da rama, wani lokaci kuma raunin ƙafafun baya, har kyanwa ta riƙa taka ƙasa da dunduniya maimakon kan yatsu. Ciwon ya fi kama muzurun da aka dandaƙe, mai ƙiba, wanda ya haura shekara bakwai kuma ba ya fita farauta.

A nan kyanwa ta sha bamban da kare, wanda kusan kullum ciwonsa na har abada ne. Sukarin da ya yi yawa cikin jini shi kansa yana dakushe ƙwayoyin da ke yin insulin. Idan aka sauko da shi da wuri, ta hanyar allura da canjin abinci, waɗannan ƙwayoyi sukan huta su farfaɗo, har a kai ranar da kyanwa ba ta bukatar allura. Likitocin dabbobi suna cewa ciwon ya lafa idan ta yi aƙalla mako huɗu ba allura, ba wani maganin sukari, kuma awon jininta yana daidai.

Wani bincike da Kirsten Roomp da Farfesa Jacquie Rand ta Jami'ar Queensland a Ostireliya suka wallafa a 2009 ya nuna muhimmancin sauri. Cikin kyanwoyin da aka fara tsananta kula da sukarinsu kafin a cika wata shida da gano ciwon, kashi 84 cikin ɗari sun rabu da allura, amma cikin waɗanda aka makara kashi 35 ne kawai. Wani binciken na 2015, daga wannan jami'a, ya duba abin da ke biyo baya. Ya gano cewa kusan kashi uku cikin huɗu na kyanwoyin da ciwonsu ya lafa har yanzu jikinsu ba ya iya sauko da sukari da sauri idan aka ɗora masa, kuma kusan kashi 30 cikin ɗari ciwon ya dawo musu cikin wata tara. Lafawa wuta ce da toka ta rufe. Abin da aka zuba wa kyanwa a kwano shi ke sa ta ci gaba da kwanciya ko ta sake ruruwa.

Gari da abin da ake ci

An kafa Arlit a ƙarshen shekarun 1960 saboda yuraniyom. Kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da ma'adinin a 1971, daga baya COMINAK ya buɗe ramin Akouta, garin Akokan ya tashi a gefensa. Wuri ne na hamada, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas, fiye da kilomita 1,000 daga Yamai a mota. Ruwan sama kaɗan ne ƙwarai, zafin Mayu da Yuni kuma yana wuce digiri 40. Gari ne da yawancin abincinsa daga nesa yake zuwa: hatsi da shinkafa daga kudu, taliya da makaroni da garin alkama da madarar gari da kifin gwangwani daga Aljeriya ta hanyar Assamaka.

Wannan tsari ya shafi kyanwar gida kai tsaye, domin yawanci ragowar tukunya take ci. Kyanwar kasuwa da ke kwana tana bin ɓeraye da ƙadangaru ba kasafai take tara kitse ba. Wadda ke cikin haɗari ita ce ta cikin gida mai katanga, irin gidajen unguwannin ma'aikata, wadda yara ke ƙauna, kowa ya wuce ya jefa mata loma. Taliya da miya, shinkafa, burodi da aka jiƙa da madara mai sukari, guntun gurasar tagella, sauran fura: duk sitaci ne, kuma shi ne ainihin abin da kyanwar da ta taɓa ciwon sukari ba za ta iya ɗauka ba.

Akwai kuma maganar aljihu. Tun da COMINAK ya rufe a ranar 31 ga Maris 2021, gidaje da dama a Akokan sun rasa albashin da suka dogara da shi. Insulin da sirinji da sandunan gwaji na kowace rana kuɗi ne mai yawa, kuma aikin ma'aikatan kiwo a yankin ya fi karkata ga raƙuma, awaki da tumaki. Saboda haka kiyaye lafawar ciwo ya fi arha nesa ba kusa ba a kan sake komawa allura sau biyu a rana.

Abin da za a zuba a kwano

Kyanwa maciyiyar nama ce tsantsa. Kakarta ita ce kyanwar dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya, dabbar busassun wurare. Miyaunta ba shi da sinadarin da ke fara narka sitaci, hantarta ba ta da saurin kwashe sukari daga jini kamar ta mutum, harshenta ma ba ya jin zaƙi. Nazarin abincin kyanwoyin da ke rayuwa da farauta ya nuna cewa kimanin kashi 52 cikin ɗari na ƙarfin da suke samu daga furotin yake fitowa, kashi 46 daga kitse, kashi 2 kacal daga sitaci. Shi ya sa shawarar likitocin dabbobi ga mai ciwon sukari ita ce abincin da sitacinsa bai wuce kimanin kashi 12 cikin ɗari ba. Wani gwaji da aka wallafa a 2006 a Amurka ya kwatanta abinci iri biyu: kashi 68 na kyanwoyin da aka ba mai ƙarancin sitaci sun daina allura, a ɗaya ɓangaren kashi 41.

A manyan birane akan sami abincin kyanwa na gwangwani, wanda yawancinsa sitacinsa kaɗan ne. Busasshen na cikin leda, mai kama da ƴan ƙwayoyi, da hatsi ake haɗa shi, don haka akasarinsa bai dace ba. A Arlit, abin da za a iya dogara da shi kullum shi ne teburin mahauci. Tsokar akuya, tunkiya, sa ko raƙumi, da naman kaza idan an samu, su ne ginshiƙi. A dafa da ruwa zalla, ba gishiri, ba dunƙulen ɗanɗano, ba yaji. Albasa da tafarnuwa guba ne ga kyanwa, ɗanye ko dafaffe, domin suna fasa jajayen ƙwayoyin jininta, kuma wannan kaɗai ya isa ya hana a ba ta naman da aka tsamo daga miya. Kilishi da tsire da soyayyen naman layya duk sun faɗa cikin wannan hani.

Sai dai nama zalla ba cikakken abinci ba ne. Kyanwar da ta kama ɓera tana cinye shi da ƙashi da kayan ciki, tsoka kuwa kusan ba ta da kalsiyam. Idan aka daɗe ana ba da ita kaɗai, ƙashi yakan yi laushi. Hanyar gyara mai sauƙi ita ce ɓawon ƙwai: a wanke, a tafasa, a shanya ya bushe, a daka ya zama gari lilis, a yayyafa kimanin rabin ƙaramin cokali a kan kowane rabin kilo na nama. Zuciya tana da amfani sosai saboda tana ɗauke da taurin, sinadarin da jikin kyanwa ba ya iya haɗa isasshe da kansa, wanda rashinsa ke kawo makanta da ciwon zuciya. Taurin yana zubewa cikin ruwan dahuwa, don haka romon ma a zuba mata. Hanta kuma ƴar kaɗan ake so, kamar kashi ɗaya cikin ashirin na dukan abincin, domin yawanta yana tara bitamin A har gaɓoɓi da wuya su sandare. Dafaffen ƙwai yana da kyau jefi-jefi. Kifin gwangwani, wanda ya wadata a shagunan garin, a tsiyaye mansa a ɗauraye, a ba da kaɗan sau ɗaya ko biyu a mako. Ba abincin kullum ba ne. Madara da nono, ko na raƙumi ne, suna da nasu sukarin, kuma manyan kyanwoyi da yawa zawo suke sa su. Wanda ya sami dama ya nuna wa likitan dabbobi wannan haɗi, ko ya samo garin bitamin da ake yi domin kyanwa, ya kyauta, musamman idan ta tsufa. Kyanwar da ƙodarta ta fara rauni tana bukatar wani tsarin daban, domin yawan nama yana iya yi mata nauyi.

Kyanwa mai nauyin kilo 4 tana bukatar kusan kalori 200 a rana, wato abin da ya kai giram 120 zuwa 150 na dafaffen nama mai ƙarancin kitse. A raba shi kashi uku ko huɗu. Tunda ba ta kan allura, ba dole ba ne a ɗaure abincin da wata sa'a, amma zafi yana da nasa hukunci: naman da aka bari a kwano da rana tsaka a watan Mayu ba ya daɗewa sai ya canza. Asuba, bayan magariba da dare su ne lokutan da suka fi dacewa, kuma su ne lokutan da kyanwa ta fi son ci. Abin da ta rage a kwashe, a wanke kwanon.

Babbar matsala ba ta cikin kicin, tana bayan katanga. Kyanwa na haura gini ta shiga gidan maƙwabta, inda za a tarbe ta da ragowar taliya cikin kyakkyawar niyya. Dole maigida ko uwargida su sanar da maƙwabta da yaran gida cewa wannan kyanwa tana da ciwo, tausayinta shi ne a hana ta. Makon Babbar Sallah yana bukatar kula ta musamman saboda kitse da soye-soye da ke ko'ina.

Nauyi

Kyanwa mai ƙiba ta fi mai matsakaicin jiki haɗarin kamuwa da ciwon sukari kusan ninki huɗu, kuma sake tara kitse yana daga cikin manyan hanyoyin dawowarsa. Hannu yana iya auna wannan. Idan aka shafa gefen ƙirjinta, ya kamata a ji haƙarƙari ba tare da an danna ba, idan kuma aka dube ta daga sama a ga ɗan matsewa a kwankwaso. Sikeli ya fi hannu gaskiya. A saka ta cikin kwando ko jaka a rataye a sikelin hannu irin na ƴan kasuwa, a cire nauyin kwandon, a rubuta. A yi haka duk mako biyu, da sikeli guda.

Idan tana bukatar rage jiki, a bi sannu. Rabin kashi zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinta a mako ya isa, wato giram 30 zuwa 60 ga kyanwa mai kilo 6. Horar da ita da yunwa kuskure ne mai kisa. Kyanwa mai kitse da ta yi kwana biyu ko uku ba ta ci ba, kitse yakan kwarara ya cika hantarta, idanu da dasashi su yi rawaya. Don haka idan ta ƙi sabon abinci, a riƙa gauraya shi da tsohon ana ƙarawa a hankali cikin mako ɗaya ko biyu. Ramar da ta zo da kanta, alhali kyanwa tana ci sosai, ita ce abin tsoro.

Ruwa da fitsari

A ƙasa mai sanyi, yawan shan ruwa alama ce bayyananna. A Arlit zafi yana rikita lissafin, domin kowace dabba tana ƙara sha, iska mai bushewa kuma tana shanye ruwan kwano ko ba wanda ya taɓa. Akwai dabara. A sami kwano biyu iri ɗaya, a zuba ruwa daidai wa daida, a ajiye su wuri guda, ɗaya a rufe shi da rariya ko raga yadda kyanwa ba za ta kai baki ba. Bayan yini da kwana a auna abin da ya rage a kowanne. Bambancin shi ne abin da ta sha. Abin da ya haura mililita 100 ga kowane kilo na nauyinta a rana ya fita daga ƙa'ida, wato kusan rabin lita ga kyanwa mai kilo 4 zuwa 5. Wadda ke cin nama da romo ba ta shan ruwa sosai, don haka ko ƙarin da bai kai wannan ba, idan ya zo farat ɗaya, abin lura ne.

Sandunan gwajin fitsari da ake sayarwa a kantin magani domin mutane suna aiki ga kyanwa. Wahalar ita ce samun fitsarin, tunda rairayi shanye shi yake yi nan take. A cika faranti mai faɗi da wankakkiyar tsakuwa maimakon yashi, idan ta yi sai a karkata shi a tsoma sandar. Tururuwa da ke taruwa inda ta yi fitsari ma tsohuwar alama ce. Amma a sani cewa ƙodar kyanwa ba ta sakin sukari cikin fitsari sai na jini ya haura kimanin giram 2.5 zuwa 2.9 a lita. Fitsari mai tsabta ba ya tabbatar da lafiya, wanda aka ga sukari a ciki kuwa yana nufin abu ya riga ya yi nisa.

Awon jini a gida

Awon jini shi ne ke kama ciwon tun kafin alamu. Yin sa a gida ya fi, domin tsoro kaɗai yana iya harba sukarin kyanwa sama, kuma wadda aka ɗauko cikin kwali aka kai gaban baƙo awonta ba abin dogaro ba ne. Daga kunne ake ɗiba. Idan aka haska bayan kunnen da fitila za a ga wata siririyar jijiya tana bin gefensa. A murza kunnen a hankali ya ɗumama, a shafa ɗan man basilin don jinin ya dunƙule kada ya bi gashi, a tokare ciki da auduga, a soka da ƙaramar allurar na'urar awon sukari a gefen jijiyar. Ɗigo ɗaya ya isa. A kai bakin sandar gwaji ta zuƙe, sannan a matse wurin da audugar na ɗan lokaci, a ba ta guntun nama. Bayan ƴan kwanaki yawancin kyanwoyi sukan saba.

Na'urorin da ake samu a Nijar wasu da giram a lita suke nunawa, wasu da miligiram, inda 1.2 ke fitowa 120. Kyanwa mai lafiya da ba ta ci ba tana tsakanin 0.7 da 1.2. Binciken 2015 ya nuna cewa waɗanda awonsu na kafin ci ya kai 1.35 ko fiye sun fi saurin komawa ciwo. Awon da ya yi ta haura 1.8 sau biyu ko uku a jere, cikin natsuwa, yana bukatar likita ba tare da jinkiri ba. Na'urar mutane takan nuna ƙasa kaɗan da gaskiya a jinin kyanwa, shi ya sa ake da na dabbobi irin AlphaTRAK, amma ta mutane ma tana wadatarwa muddin ita ɗaya ake amfani da ita kullum. Sandunan gwaji ba sa jure zafi, yawancinsu an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, don haka barinsu cikin mota ko ɗaki mai rufin kwano yana lalata su.

A makonnin farko bayan daina allura ana awo kullum ko duk bayan kwana biyu, sannan a koma sau ɗaya a mako, daga baya sau ɗaya ko biyu a wata, da kuma duk ranar da ta nuna rashin jin daɗi. A riƙe ɗan littafi: kwanan wata, sa'a, awo, nauyi, abin da ta ci. Inda likita yake nesa, hoton shafin da aka tura ta waya zuwa Agadas ko Yamai ya fi dogon bayanin baka amfani. Akwai kuma gwajin furuktozamin, na babban ɗakin bincike, wanda ke nuna matsakaicin sukari na mako ɗaya zuwa biyu da suka wuce, kuma tsoro ba ya shafarsa.

Magunguna da cututtukan da ke tayar da shi

Magungunan dangin kotizon, irin su deksametazon da ake yawan amfani da shi ga dabbobin kiwo, suna hana insulin aiki. Allura ɗaya mai daɗewa a jiki, da aka yi saboda ƙaiƙayi ko tari, tana iya rushe aikin watanni. Haka ma ƙwayoyin hana kyanwa ɗaukar ciki masu megestrol. Duk wanda zai ba ta magani, a fara gaya masa tarihinta. Farasitamol kuwa, ko ƙwaya ɗaya, yana iya kashe kowace kyanwa. Ruɓewar haƙori, kumburin dasashi, ciwon mafitsara da kumburin fankiriyas su ma suna ɗaga sukari, don haka warin baki ko ɗigar miyau ba ƙaramin abu ba ne a wurinta.

Idan ya dawo

Amai, ƙin abinci da kasala, tare da sukari mai yawa ko sinadarin keton a sandar fitsari, alama ce ta gubar da ke kisa cikin kwanaki kaɗan, kuma ruwan jijiya da insulin a hannun likita ne kawai maganinta. Idan an kama shi kafin nan, komawa allura da wuri yana iya kawo lafawa ta biyu, ko da yake ta fi ta farko wuyar samu. Sababbin magungunan sha na kyanwa, Bexacat da Senvelgo, waɗanda Amurka ta amince da su a 2022 da 2023, an hana ba da su ga wadda ta taɓa karɓar insulin.

Ƙarfin insulin ba iri ɗaya ba ne: Caninsulin na dabbobi yana da awo 40 a mililita, Lantus na mutane yana da 100. Zuƙar mai 100 da sirinjin mai 40 yana ba da ninki biyu da rabi na abin da ake nufi. Kyanwar da sukarinta ya faɗi ƙasa da 0.6 takan yi tangaɗi, rawar jiki ko farfaɗiya. A shafa mata zuma a dasashi, a dakatar da allura ta gaba, a nemi likita.

Kwalbar insulin da ba a buɗe ba wurinta firij, tsakanin digiri 2 da 8, kada ta daskare. Ga wadda aka buɗe, wani bincike na ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janeba, wanda aka wallafa a 2021 bisa yanayin sansanin Dagahaley a Kenya, ya nuna cewa insulin yana riƙe ƙarfinsa har mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Bazarar Arlit tana wuce haka. Idan wuta ta ɗauke, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, dabarar da malamin Jigawa Mohammed Bah Abba ya yaɗa har ya sami kyautar Rolex a 2000, tana aiki sosai a busasshiyar iska irin ta yankin. A saka kwalbar cikin leda a ƙulle kada ruwa ya taɓa ta, a ajiye tukunyar a inuwa inda iska ke kaɗawa, a riƙa jiƙa yashin safe da yamma.